Littafin "Saiwoyi": jikan bayi da ya tafi neman kakanninsa

Ɗan uwa mai karatu, kakanni nawa kake iya lissafawa? Ga ubanka, ga kakanka, ga uban kakanka. Daga nan fa? Yawancinmu nan muke tsayawa. To, akwai wani littafi da anka rubuta kan wannan tambaya. Ya fito a ƙasar Amurka cikin shekarar 1976. Sunansa da Ingilishi Roots, da Faransanci Racines. Ma'anarsa saiwoyi, irin na itace. Wanda ya rubuta shi baƙar fata ne, jikan bayi. A bangon littafin an rubuta sunansa Alex Haley, amma a baki ana cewa Aleks Heli.

Littafin ya yi suna ƙwarai. Cikin watan Janairu na 1977 an mai da shi wasan talabijin, anka yi dare 8 ana nuna shi. A daren ƙarshe kimanin mutum miliyan 100 sun zauna kallo. Tun daga lokacin mutane da yawa, baƙaƙe da farare, sunka shiga neman asalin gidansu. Littafin ya cancanci yabo, yana kuma da babban aibi. Za mu duba duka biyu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Aibin nan kuwa yana iya samun duk mai neman asalinsa, har da kai.

Labarin da ke ciki

An haifi Heli cikin 1921, ya rasu cikin 1992. Yana yaro ya zauna wurin kakarsa ta wajen uwa, Sintiya, a wani ƙaramin gari cikin jihar Tenesi. Da dare tsofaffin matan gidan su kan zauna ƙofar ɗaki suna hira. Kullum hirar ta kan kai ga wani kakansu na can nesa, wanda suke kira mutumin Afirka. Sun ce ya fita saran itacen da zai yi ganga, anka kama shi. Sun ce ubangijinsa ya sa masa suna Tobi, shi kuwa ya nace sunansa Kinte. Sun riƙe kalmomi kaɗan na bakinsa, kamar yadda yake kiran kogi da yadda yake kiran abin kiɗa mai tsirkiya. Amma ba su san ko wane harshe ne ba.

Kan wannan hira Heli ya gina littafi mai babi 120. Ya ce an haifi Kunta Kinte cikin 1750 a ƙauyen Jufure, bakin kogin Gambiya, cikin gidan Musulmi na ƙabilar Mandinka. Yana da shekara 17 anka sace shi, anka sa shi jirgin ruwa, anka sayar da shi a gonakin jihar Birjiniya. Sau 4 yana gudu ana kamo shi. A na huɗun anka sare masa rabin ƙafa. Ya auri wata baiwa mai dafa abinci, sunanta Bel, sunka haifi ɗiya, Kizi. Kizi ta haifi Joj mai kiwon zakarun faɗa. Joj ya haifi Tom maƙeri. Tom ya haifi Sintiya, ita kuma ta haifi Barta, uwar Heli. In ka ƙirga daga Kunta zuwa Heli, zuriya 7 ke nan.

Inda littafin ke da ƙarfi

Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi anka ɗauka daga Afirka zuwa ƙetaren teku. Lissafi irin wannan ba ya sa ido hawaye. Heli ya ɗauki mutum ɗaya cikinsu, ya ba shi suna, da uwa, da uba, da ƙanne, da gari. Yana farawa da ranar sunan Kunta, inda uban ya raɗa wa jinjiri sunansa a kunne kafin kowa ya ji. Kai da ka san ranar suna, nan take za ka ji kamar gidanku ake magana. Saboda haka in anka zo wurin da ake ƙwace masa sunan, za ka san abin da anka ƙwace.

Babobin cikin jirgi su ne mafi nauyi. Mutane kwance cikin duhu, ɗaure da sarƙa biyu-biyu, ga zawo, ga ƙwarƙwata, ga gawa kusa da mai rai. Harsunansu daban-daban, sai sunka riƙa koya wa juna kalma ɗaya-ɗaya don su iya shawara. Wanda ya karanta wannan ba ya sake jin kalmar bauta kamar da.

Akwai kuma wani wuri da ya shafe ka, kai da ka shiga yaƙi da jahilci. Kunta yana da wani gora. Duk wata in ya kama, sai ya jefa tsakuwa ɗaya ciki, don kada shekarunsa su ɓace masa. Ɗiyarsa Kizi kuwa ta koyi karatu da rubutu a ɓoye. Ta rubuta wa wani saurayi takardar izinin tafiya don ya gudu. Da asiri ya tonu, anka sayar da ita can nesa. Ran nan Kunta ya fasa goransa. Daga nan littafin ya bi Kizi, bai sake komawa ga Kunta ba. Mai karatu ya rasa shi kamar yadda ɗiyarsa ta rasa shi. Wannan aikin gwani ne. Yana kuma nuna maka dalilin da ya sa jikokin bayi ba su gaji takardu ba: a jihohi da yawa doka ta hana a koya wa bawa karatu.

Ta wajen tsara labari akwai rauni kaɗan. Bayan Joj mai zakaru, labarin yana gudu, mutane na shigowa suna fita ba ka gama saninsu ba. Amma wannan ƙaramin laifi ne. Babban yana cikin babobin ƙarshe, inda Heli ya ba da labarin yadda ya bi sawun kakanninsa, ya ce ya tabbatar da shi.

Yadda ya bi sawu

Heli ya yi shekara 12 yana wannan aiki. Ya fara da gidan ajiyar tsoffin takardun gwamnati a birnin Washinton. Can ya duba rajistar ƙidayar jama'a ta 1870. Me ya sa 1870? An hana bauta a Amurka cikin 1865, kuma ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta dukan bayin da anka ƴanta da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860 sunan ubangiji kaɗai ake sawa, sai a jera bayinsa ƙarƙashi: namiji ko mace, shekara kaza, launin fata kaza. Babu suna, kamar ana ƙirga bisashe. Cikin rajistar 1870 Heli ya ga sunan Tom maƙeri da iyalinsa a jihar Karolina ta Arewa. Maganar kakarsa ta haɗu da takarda. Har nan ƙafarsa tana kan ƙasa mai ƙarfi.

Sai ya kai kalmomin nan na bakin tsofaffi wurin wani malamin tarihin Afirka, Bansina, mutumin Beljik. Malamin ya ce sun yi kama da harshen Mandinka, kuma kogin da ake nufi yana iya zama Gambiya. Cikin 1967 Heli ya isa Jufure. Anka kawo masa wani tsoho, Keba Kanji Fofana, anka ce shi ne mai riƙe da tarihin gidan Kinte. Tsohon ya yi ta jero sunaye, har ya zo kan wani Kunta da ya fita saran itace bai dawo ba. Heli ya ce ai shi ke nan, ya ga kakansa.

Daga nan ya shiga tsoffin takardun jiragen ruwa a Landan da Amurka. Ya samu wani jirgi mai suna Lod Ligoniya. Ya tashi daga Gambiya cikin watan Yuli na 1767 da bayi 140, ya isa tashar Anapolis ran 29 ga Satumba da 98 masu rai. Wata jaridar garin ta buga tallar sayar da su. Ya kuma samu wata takarda ta 1768 da ke ambaton wani bawa Tobi a hannun gidan Wala, a Birjiniya. Sai ya ɗaure su duka wuri ɗaya: Kunta na Jufure shi ne ya shiga jirgin nan, shi ne kuma Tobi.

Inda igiya ta tsinke

Ka lura da kyau, don nan zancen yake. Jirgin gaskiya ne. Tobi gaskiya ne. Tom maƙeri gaskiya ne. Amma wa ya shaida cewa su duka igiya ɗaya ce?

Na farko, takardun jirgin ba su da sunan bawa ko ɗaya. Lissafi kaɗai ke ciki. Babu abin da ya nuna Kunta yana cikin mutum 98 ɗin nan.

Na biyu, cikin 1981 wasu masana asalin iyali, Malam Mils da matarsa Elizabet, sun koma takardun Birjiniya da na Karolina ta Arewa, sun bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun ga sunan Tobi a hannun gidan Wala tun 1762, wato shekara 5 kafin jirgin ya iso. Sun kuma ga alamar ya mutu shekaru kafin lokacin da anka ce an haifi Kizi. Mutum ba ya riga jirginsa sauka, ba ya kuma haihuwa shekaru bayan mutuwarsa.

Na uku, maganar tsohon Jufure. Cikin watan Afirilu na 1977 wani ɗan jaridar Ingila, Mak Otawe, ya buga binciken da ya yi a Gambiya. Cikin 1981 wani malamin tarihi, Donal Rait, shi ma ya buga nasa bincike. Abin da sunka gano ya zo ɗaya. Fofana ba ya cikin masu riƙon tarihi na gado. Kafin Heli ya sadu da shi kuma, ya riga ya gaya wa mutane a Gambiya duk labarin da yake nema, da sunan, da saran itacen. Labarin ya riga shi isa ƙauye. Baƙo ya zo daga Amurka da tambaya, amsar kuma tana cikin tambayar. Me kake tsammani zai ji?

Na huɗu, Jufure ta cikin littafi ƙauye ne mai nisa da Turawa, wanda sai labarinsu yake ji. Jufure ta tarihi tana dab da tsibirin da Ingilishi sunka yi sansani, kusa kuma da Albareda inda Faransawa ke ciniki. Gari ne da ya san fataucin bayi tun kafin a haifi Kunta. Heli ya so ya ba danginsa Afirka mai tsabta, sai ya share hannun da wasu ƴan Afirka sunka sa cikin cinikin.

Na biyar, wani marubuci, Harol Kurlanda, ya kai Heli gaban alƙali. Ya ce an kwashi wasu wurare daga littafinsa na 1967. Cikin 1978 sunka sasanta, anka biya shi dala 650,000, dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa ba. Heli ya amsa cewa wasu kalaman wancan littafi sun shiga nasa.

To, Heli maƙaryaci ne? A yi masa adalci. Shi da kansa ya faɗa cewa hirarrakin mutanen littafin da yawancin abubuwan da sunka faru ciki, shi ya tsara su. Wannan ba laifi ba ne ga mai rubuta labari. Laifinsa shi ne da ya ce jerin kakannin ya tabbata da shaida, alhali sashen da ya gabaci 1865 bai tabbata ba. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Mutumin ya so ya ga kakansa, sai ya karɓi duk abin da ya yi kama da shi, bai sake tambaya ba. Duk da haka sunan Kunta ya zauna: cikin 2011 gwamnatin Gambiya ta sa wa tsibirin nan sunansa.

Yau ga intanet

Abin da Heli ya sha tafiya don ya gani, yau da yawansa yana cikin intanet, ana dubawa da kwamfuta ko salula. Akwai FamilySearch, wanda wata majami'ar Amurka ta buɗe cikin 1999, ana shiga kyauta. Akwai Ancestry, shi da kuɗi ne. Dukansu suna da rajistar 1870 ɗin nan. Tsakanin 2015 da 2016 masu aikin sa kai sun kwafe sunaye kusan miliyan 1 da dubu 800 daga takardun ofishin da ya kula da ƴantattun bayi bayan 1865, anka sa su inda kowa ke iya nema. Akwai kuma SlaveVoyages, inda masana sunka tara labarin tafiyar jiragen bayi fiye da 36,000.

Wani sashe na wannan ya shafe mu. Bayan 1807 jiragen yaƙin Ingila sun riƙa tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen a Saliyo da wasu tashoshi. Can anka rubuta sunan kowa na gida, da shekarunsa, da tsawonsa, wani lokaci har da zanen fuskarsa. Sunaye fiye da 90,000 na irin waɗannan rajistoci suna cikin intanet, kuma akwai Hausawa cikinsu.

Shin wannan ya warkar da ciwon da ya kama Heli? A'a. Intanet rumbu ne, abin da anka zuba shi ake ɗiba. Bawan da ba a rubuta sunansa cikin 1767 ba, babu na'urar da za ta fito da shi. Ciwon ma ya ƙara samun hanya. A waɗannan wurare kowa na iya jera kakanninsa yadda ya ga dama. Wani ya ga suna irin na kakansa, ya ɗauka ya liƙa. Na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu. Kafin ka farga mutum 100 sun faɗi abu ɗaya, alhali bakin mutum ɗaya ne. Abin riƙo can shi ne hoton tsohuwar takardar kanta, da inda anka ajiye ta, da shekararta.

Kai fa?

Kai ka fi Heli sa'a da abu ɗaya: tsofaffinka suna kusa, harshenku ɗaya. Yanzu kuma alƙalami yana hannunka. Ga abin da littafin nan ke koya maka, da kyansa da aibinsa.

Ka fara daga kanka ka yi baya, taki ɗaya-ɗaya. Kada ka fara daga wani sarki ko wani waliyyi ka riƙa neman hanyar da za ta kawo shi gidanku.

In ka je wurin tsoho, kada ka gaya masa amsar da kake so. Kada ka ce: "Ko ba daga Katsina munka fito ba?" Ka ce: "Baba, daga ina munka fito?" Ka yi shiru ka rubuta. Bayan haka ka je wurin wani tsoho ko tsohuwa, shi kaɗai, ka yi tambayar nan. Inda bakinsu ya zo ɗaya, ka sa alama. Inda sunka saɓa, ka rubuta duka biyu, da sunan wanda ya faɗa maka, da ranar.

Kada ka manta da mata. Tsofaffin mata ne sunka riƙe wa gidan Heli labari zuriya bayan zuriya. Ka tuna kuma da alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta. Ka nemi sunan yanka wurin wani, ka rubuta shi tare da laƙabi, don kada Tanko da Abdu su zama mutum biyu alhali ɗaya ne. Kada kuma Mamman biyu su zama ɗaya, kamar yadda Tobi ya zama Kunta.

Maroƙi yana da sani, ya fi kowa riƙe jerin sarakuna. Amma sana'arsa yabo ce, kuma wanda ya ba shi kyauta yake yabo. Ka saurare shi, ka nemi shaida na biyu.

Takarda ma tana son shaida. Da yawa cikinmu takardar haihuwarsu an yi ta ne bayan sun girma, an rubuta "wajen shekara kaza". Mai rubutun ya dubi fuska ne ya yi ƙiyasi. Sunan kuma an rubuta shi yadda kunnen Nasara ya ji. Saboda haka ka auna shekaru da manyan abubuwan da kowa ya sani: yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914, yaƙin Kawusan a Agadas cikin 1916 da 1917, mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai cikin 1926, ambaliyar da ta ci tsohon garin Maraɗi cikin 1945, mulkin kai cikin 1960, farin 1973 da na 1984. Ka tambaya: lokacin nan kaka yana goye ne, ko yana kiwo, ko ya yi aure?

Ka adana duk tsohuwar takarda da ke gida: ta lanho, ta gona, ta aure, ta aikin soja, da abin da malam ya rubuta da ajami a bangon littafi. In neman ya yi nisa, a Yamai akwai gidan ajiyar tsoffin takardun ƙasa, akwai kuma cibiyar bincike ta jami'a mai ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Inda sani ya ƙare, ka tsaya, ka rubuta: "Nan munka tsaya." Kuma in ka tarar kakanka bawa ne, ko baƙo, ko talaka liƙis, ka rubuta shi haka nan. Heli ya tsaya gaban duniya ya ce shi jikan bayi ne, bai ji kunya ba, kuma wannan ya fi kome kyau cikin aikinsa.

In ka samu Racines, ka sa ɗanka na lakkwal ya riƙa karanta muku yana fassarawa, babi ɗaya kowane dare. Ku ji shi a matsayin labari mai kyau kan abin da ya samu miliyoyin mutane da gaske. In kun zo babobin ƙarshe, ku tuna da shekara 5 ɗin nan na Tobi. Kashegari ka sayi littafin rubutu, ka je ka gai da wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, tun yana nan.